Roka a Gorar Lemo

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce na raka ɗan yayata da abokansa biyu wani fili a bayan gari, ta wajen Lamingo, za su gwada abin da suka kwana uku suna haɗawa. Kayan aikin nasu gaba ɗaya bai cika jakar makaranta ba: gorar lemo ta roba mai cin lita ɗaya da rabi, kwalin da suka yanka suka yi mata fuka-fukai, bawul ɗin tsohon tif da suka roƙo a wurin mai faci, sai famfon keke. Suna durƙushe suna ɗaura igiya sai ga wani dattijo ya fito daga lambu da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya ce, "Samari, me ake yi ne haka?" Ƙaraminsu ya ɗago kai da fara'arsa ya ce, "Baba, roka za mu harba."

Nan take fara'ar dattijon ta ɗauke. Sai da na miƙe na gaishe shi, na buɗe gorar na tsiyaya ruwan a tafin hannuna ya gani da idonsa, sannan ya sauke fartanyar. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kalmar roka ta shigo kunnen Bahaushe ne ta labaran rediyo, kuma kusan kullum da "makami" a gabanta, da adadin waɗanda suka mutu a bayanta. Ga shi kuma Jos muke, garin da bai manta da bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 ba, bai manta da na Taminus a watan Mayun 2014 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

To amma a wasu ƙasashe haɗa roka da harba ta abin sha'awa ne kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko sukuwar doki. Akwai ƙungiyoyi, akwai filaye, akwai ranakun haɗuwa, uba ya zo da 'yarsa, malami ya zo da ajinsa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi abu mai haɗari haka ya zama wasan ƙarshen mako a can, da dalilin da ya sa a nan bai zama ba, domin amsar ba ta tsaya ga talauci ko rashin ƙwaƙwalwa ba.

Farkon abin a Amurka ma ba daɗi. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoban 1957, zazzaɓin sararin samaniya ya kama matasa. Yara suka riƙa cusa albarushi da sinadarai cikin bututun ƙarfe a bayan gida, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rai. Wanda ya kawo mafita ba wani farfesa ba ne. Wani mai sayar da takalma ne a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda yake da lasisin wasan wuta. Tun 1954 ya ƙera wani ɗan ƙaramin inji a cikin bututun takarda mai kauri, wanda ake sa shi a gindin roka, a harba sau ɗaya, a cire a yar. Ya aika wa G. Harry Stine, wani ma'aikacin filin gwajin makamai na White Sands, shi kuma ya ga abin da ke ciki: idan masana'anta ce ke haɗa makamashin, yaro ba shi da sauran dalilin taɓa sinadari. A 1957 suka kafa ƙungiyar masu sha'awar roka ta Amurka da yau ake kira NAR, a 1958 kuma Vernon Estes ya ƙera na'urar da ke buga irin waɗannan injina da yawa cikin arha.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma ita ce ƙashin bayan wannan sha'awa har gobe. An raba aikin gida biyu. Ɓangaren da ke kisa an bar wa masana'anta mai lasisi. Ɓangaren da ke koyar da ilimi, wato tsara jikin roka, auna nauyinta, lissafin inda za ta kai da yadda za ta sauko lafiya, shi aka bar wa mai sha'awa.

Su injinan nan da haruffa ake jera su, kuma kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi: B biyun A ne, C biyun B, haka har sama. In ka ga an rubuta C6-5 a jikin inji, C ɗin yana gaya maka jimillar turin da ke cikinsa, 6 matsakaicin ƙarfin turin, 5 kuma daƙiƙun da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya tofar da laimar sauka. Wannan jiran yana da muhimmanci, domin roka ba ta tsayawa lokacin da wutarta ta mutu. Mafi yawan tafiyarta ma da guzurin saurin da ta samu take yi. In laima ta buɗe da wuri iska ta yaga ta, in ta makara roka ta riga ta juyo da hanci ƙasa. Daga harafin H zuwa sama an shiga sahun manya, ba a sayar maka sai ka nuna takardar shaidar ƙwarewa daga NAR ko takwararta Tripoli, matakai uku, kowanne sai ka harba roka a gaban shaidu ta dawo lafiya. Ƙa'idojinsu ma in ka karanta sai ka ga na mutanen da suka sha wuya ne: ba a yin jikin ƙaramar roka da ƙarfe, ba a kunna ta da ashana sai da waya da batir daga nesa, ba a harbi in gudun iska ya wuce kilomita 32 a awa, in kuma ta ƙi tashi ba wanda zai matsa kusa sai bayan daƙiƙa 60.

Yanzu ka ɗauko wannan tsari ka ajiye shi a Jos. Jikin roka ba matsala ba ne. Daga Katako zuwa Dilimi babu abin da ba za ka samu ba, kwali, katako mara nauyi, gam, waya, batir, ga yaran da ke gyaran waya waɗanda za su haɗa maka na'urar auna tsawo in ka nuna musu zane. Abin da babu shi ne injin. Ba ka shiga shago ka saya, kuma ba kaya ba ne da ɗan'uwanka zai saƙo maka a akwati daga waje, domin a dokar sufurin jiragen sama yana cikin abubuwa masu fashewa. A gida kuma akwai dokar abubuwa masu fashewa ta 1964, wadda aka yi ta da masu fasa dutse da haƙar ma'adinai a zuciya, ba ɗalibin sakandare ba. Tun 2016 ko jirgi mara matuƙi ba a tashinsa a hukumance sai da izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙasar da kowane Disamba 'yan sanda ke jan kunne a kan wasan tartsatsin wuta, ina za a kai maganar inji mai harafin H?

Saboda haka yaro mai sha'awa a nan hanya biyu ce a gabansa. Ɗaya ita ce gorar ruwa. Ɗayar ita ce bidiyoyin da ke yawo a waya, inda wani ke dafa makamashi a tukunya yana dariya, kamar mai haɗa alewa. Ba zan bayyana abin da suke haɗawa ba, kuma ina roƙon duk malamin kimiyya da ɗalibi ya kawo masa wannan magana ya zaunar da shi. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne tsakanin roka da bam ƙofa ɗaya ce kawai. Dukansu wuta ce ke haifar da iskar gas mai zafi cikin rufaffen wuri. A roka, gas ɗin yana fita ta ƙofar gindi daidai da saurin da ake haifar da shi. Idan ɗan ɓarɓashi ya toshe ƙofar, ko makamashin ya tsage a ciki ta yadda wuta ta samu fili ninki biyu ta ci, matsin yana hauhawa cikin ƙiftawar ido, shi kuma matsi yana ƙara wa wutar sauri, sai bututun ya tarwatse. In na ƙarfe ne, ɓaraguzansa harsasai ne. Masu yin wannan a ƙasashen waje da ilimi suke yi, a bayan shinge, da ma'auni, bayan shekaru suna harba injin masana'anta. Wato abin da yake matakin ƙarshe a can, shi ne yake neman zama matakin farko a nan. Kuma ko yatsun yaro sun tsira, ka yi tunanin a tsayar da shi a shingen sojoji a hanyar Bukur da bututu da garin sinadari a jaka. Wane bayani zai yi?

Mu koma kan gorar, domin raina ta ake yi, alhali kusan duk ilimin yana cikinta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah ya ga yadda bindigar ke dukan kafaɗar mai harbi. Abu ya fita ta gaba da ƙarfi, bindiga ta koma baya. Isaac Newton ya rubuta wannan a matsayin doka tun 1687, kuma ita ce roka duka: ka jefar da wani abu ƙasa da sauri, kai kuma ka yi sama. Mutane da yawa suna zaton roka iskar waje take tokara ta tashi. A'a, abin da ta amayar take tokara, shi ya sa take aiki a can inda babu iska sam. A gorar yaran nan, iskar da aka matsa da famfo ita ce ƙarfin, ruwan kuma shi ne abin jefarwa. Da iska zalla ka cika ta, za ta yi tsalle kaɗan ta faɗo, don iska ba ta da nauyin da za a tokara. Da ka cika ta da ruwa, babu wurin da iska za ta taru, ga nauyi ya yi yawa. Daidai yana wajen kashi ɗaya cikin uku na gorar. Amma ni na fi son kada a gaya wa yaro wannan. A ba shi kofin awo da littafi, ya harba da kwata, ya harba da rabi, ya rubuta, ya gano da kansa. Ranar da ya gano, ya yi abin da injiniyoyi ke kira gwaji, kuma ba zai sake haddace dokar Newton don jarrabawa kawai ba.

Harbin farko na yaran ya ba mu dariya. Gorar ta tashi kamar tsawon mutum uku, ta yi ƙundumbala sau biyu, ta faɗo kusa da ƙafar dattijon. Ɗan yayata ya dube ni ya ce, "Kawu, iska ce ba ta isa ba?" Iska ta isa. Matsalar daidaito ce, kuma a nan ne sha'awar take zama ilimi na gaske. Kowace roka tana da wurare biyu da ido ba ya gani. Na farko inda nauyinta ya taru, wanda za ka gane in ka ɗora ta a yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Na biyu inda bugun iska ya taru in ta buge ta daga gefe. Dole na farkon ya kasance gaba, wajen hanci, na biyun a baya, da tazarar da ta kai kaurin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. Maƙera da maharba sun san wannan tun kafin a rubuta shi: mashi ƙarfensa a gaba yake, shi ya sa yake tafiya da kai. Gorar yaran ba ta da komai a hanci, duk nauyin yana gindi. Muka manna ɗan curin laka a hancin, muka ƙara wa fuka-fukan faɗi. Akwai gwaji mai sauƙi kafin a sake harbi: ka ɗaura igiya daidai inda nauyin ya taru, ka wulwula rokar a saman kanka kamar majajjawa. In ta miƙa hanci gaba, ta yi. In ta riƙa juyi ko tafiya da baya, kada ka ɓata ruwanka. Wani injiniya mai suna James Barrowman ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1960, kuma yau akwai manhaja kyauta, OpenRocket, da ke yi maka shi a kwamfuta.

Harbi na uku ta miƙe sak, har sai da muka sa hannu muka kare rana. Sai gardama ta tashi, wannan ya ce ta kai mita ɗari, wancan ya ce ta fi. Ita ma gardamar darasi ce. In ka tsaya mita 50 daga wurin harbi ka auna kusurwar da ka ɗaga ido lokacin da rokar ta kai ƙololuwa, digiri 45 na nufin mita 50, digiri 60 na nufin kusan mita 87. In ba ka da ma'aunin kusurwa, agogon waya ma ya isa a yi kirdado: tafiyar daƙiƙa 6 daga tashi zuwa faɗuwa tana nuna wajen mita 44, in aka ajiye jan iska gefe. Tasu daƙiƙa biyar da 'yan kai ta yi. Mita ɗarin ta koma talatin da wani abu, fuskoki suka ɗan yamutse, amma lambar gaskiya ce, kuma ita za su yi ƙoƙarin dokewa mako mai zuwa. Wani abin da ya faranta musu rai shi ne da na ce musu Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100, don haka gora ɗaya za ta ɗan fi nisa a nan.

Kada kuma a ɗauka ruwa ba ya rauni. Gorar da aka matsa wa iska ninki biyu na tayar mota, in ta fashe a kusa da fuska sai an je asibiti. Ba a amfani da kwalba, ba a amfani da gorar da ta kwarzane ko ta sha rana, ba a leƙa ta ta sama, kuma igiyar saki ta zama doguwa. A nisanci wayoyin lantarki da titi, a nisanci Heipang inda jirage ke sauka. A kuma gaya wa mai unguwa da masu gonakin kusa kafin a fara, kada a jira sai sun zo da fartanya.

Ina iyakar abin? Ɗaliban Jami'ar Cape Town sun harba rokar ruwa ta kai mita 830 a 2015. Na Jami'ar KwaZulu-Natal, su ma a Afirka ta Kudu, sun kai kusan kilomita 18 a watan Maris na 2021 da wata roka mai suna Phoenix, wadda makamashinta irin kakin kyandir ne, kuma a filin gwajin hukuma suka harba ta, ba a bayan hostel ba. A Amurka, ranar 17 ga Mayun 2004, wata ƙungiyar masu sha'awa ta harba roka daga hamadar Nevada ta kai kilomita 116, ta tsallake layin kilomita 100 da aka saba ɗauka a matsayin bakin sararin samaniya. In ka tuna Robert Goddard, wanda ake kira uban rokar zamani, tasa ta farko mai ƙona makamashi mai ruwa-ruwa a 1926 mita 12 da rabi ta tashi cikin daƙiƙa biyu da rabi, za ka ga gorar Lamingo ba ta da abin jin kunya.

Sai dai a nan akwai ruɗun da ya kamata a warware, don nakan ji ana cewa tunda masu sha'awa sun kai sama, me ya hana Najeriya harba tauraronta da kanta? Kaiwa sama daban, zama a sama daban. Ka kai kilomita 100 ka faɗo, saurin kusan kilomita 1.4 a daƙiƙa yake buƙata a lissafin takarda. Ka zauna kana kewaya duniya kuwa, sai ka yi gudu a kwance na kusan kilomita 7.8 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 28,000 a awa. Saurin ya ninka sau biyar da rabi, ƙarfin da ake buƙata kuma ya ninka kusan sau talatin, shi ya sa wajen kashi 90 cikin 100 na nauyin babbar roka makamashi ne zalla. Wannan ne dalilin da NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha ya tashi a 2003, NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin a 2007, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Rasha a 2011. Na ƙarshen nan injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila, amma motar da ta kai shi haya ce. Ba abin kunya ba ne, ƙasashen da ke iya kai kaya can da rokarsu ba su da yawa. Abin tambaya shi ne daga ina masu ƙera tamu za su fito, in har ana son a yi ta wata rana.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana nan tun 1999, hedikwatarta a Lugbe kan hanyar filin jirgin Abuja. Tana da cibiyar binciken injinan roka a Epe ta jihar Legas, tana da cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a nan Jos, ga wata a Toro, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A ganina ita kaɗai ce ke da rigar da za ta iya sawa ta tsaya tsakanin yaro mai sha'awa da jami'in tsaro mai zargi, kowa ya yarda da ita. Abin da Stine ya yi a 1957 ba ya buƙatar biliyoyi: hukuma ta shigo da ƙananan injina, A zuwa C, a ƙarƙashin lasisinta, su zauna a ma'ajiyarta da lissafi, a fito da su ranar harbi kawai, a fili guda da aka sani, da sanin hukumar jiragen sama da 'yan sanda, kowane inji a rubuta sunan makarantar da ta harba shi. Yaro ya zo da jikin rokar da ya haɗa, a duba daidaitonta, a sa mata inji, ya danna maɓalli, ya tafi gida da bututun takarda da ya ƙone. Babu abin da zai kwana a ɗakinsa wanda zai tayar wa uwarsa hankali. Makon sararin samaniya na duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, ya zo daidai da janyewar damina a Filato, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa da ƙarfi.

Na san abin da jami'in tsaro zai ce, cewa duk ilimin da ya shafi roka wata rana zai iya faɗawa hannun da bai dace ba. Ban raina wannan tsoro ba, a garin nan nake kwana. Amma mai mugun nufi ba darasin daidaiton fuka-fukai yake nema ba, kuma ba ya zuwa ya rubuta sunansa a rajistar makaranta. Wanda rufe ƙofar yake kora shi ne yaron kirki, kuma inda yake korarsa shi ne wajen tukunyar nan ta bidiyo, shi kaɗai, babu babba a kusa.

Dattijon bai tafi ba sai da aka yi harbi na biyar. Shi ne ma ya lura iska ta juya, ya ce a karkata sandar harbin kaɗan ta gabas in ba so ake gorar ta faɗa cikin kabejinsa ba. Da za mu tashi ya tambayi ɗan yayata nawa ake sayar da bawul ɗin, ya ce yana da jika a aji biyu na sakandare.